Fankar Motar Dattijo

Duk wanda ya yi noman rani tsakanin Kura da Bunkure a farkon shekarun dubu biyu ya san Dattijo, in bai san shi ba ya san motarsa. Tsohuwar wagon ce, a da fara, yanzu kalarta sai Allah. Da ita yake kwaso kwandunan tumatir daga bakin kanal zuwa titi, inda manyan motocin Legas ke lodi. Dogo ne, marar surutu, kuma ban taɓa jin ya yi faɗa da kowa ba sai da fanka.

Fankar da ke hura wa lagireto iska nake nufi. Kai, wannan fanka, Allah ya shirye ta! Yau ta juya kamar ba gobe, gobe ta yi tsit. Ana cikin tafiya sai allurar zafin inji ta hau, ruwa ya tafasa, tururi ya turnuƙe bonet. Dattijo ya gangara gefe, ya jira inji ya huce, ya ɗebo ruwan kanal ya ɗura. Yana tayarwa kuma sai ka ji ta kama aiki da kanta, fuuu, kamar ba ita ba.

Ɗansa na fari, Muhammadu Sani, shi ya yi wa motar wayarin da hannunsa kafin ya bi motar tumatir zuwa Legas neman aiki. Rani ya zo ya wuce, wani ya zo ya wuce, bai leƙo gida ba, sai dai gaisuwa da atamfar uwarsa. To, kun san mu da kunyar ɗan fari. Uba ba ya kama sunansa, ba ya zama hira da shi, balle ya buɗe baki ya ce yana kewarsa. "Yaron nan" kawai Dattijo ke cewa. Amma kewa tana cinsa, wallahi tana cinsa, har ya rame.

Lokacin wayar hannu ba ta kai ƙauyuka ba tukuna, saƙo a bakin direbobi yake. Duk sanda Tambaya, direban babbar motar da ke zuwa Legas, ya gama lodi, sai Dattijo ya matso jikin ƙofa ya yi gyaran murya.

"In ka ga yaron nan, ka ce masa fankar nan tana nan da halinta. Shi ya haɗa, shi ya san kanta."

Amsa ɗaya ce kullum take dawowa: a kai wa Baba Jaji, shi kuma yana nan tafe in aiki ya yi sauƙi.

Jaji mai gyaran wayarin ne a Kura, abokin Dattijo tun suna tsaron tsuntsu a gonar shinkafa. Ya yi magana har ya gaji. Ya ce ko dairek ne a yi mata, wato a haɗa ta kai tsaye da makunni, tana juyawa muddin inji na aiki, yadda kowa ke yi a garin nan. Dattijo ya ce ba wanda zai yanke wayar da yaron nan ya naɗe da hannunsa.

Iyatu ce ta kawo ƙarshen abin. Matarsa ce, kuma ba ta da irin haƙurin mijinta. Ranar da za ya kai ta suna Kumbotso, motar ta tafasa a tsakiyar hanya da rana tsaka, suka zauna a gindin darbejiya har aka watse daga sunan.

"Malam," ta ce, "mota za ka ƙone don ka kasa buɗe baki? Ni ma ɗana ne, ni ma ba na kama sunansa, amma ban ɗora wa fanka laifi ba. Gobe ka kai ta wurin Jaji, ko in kai ta da kaina da turi."

Ya kai. Jaji ya yi masa alkawarin ba zai sa almakashi ba. Ya zaro fis ya ɗaga a rana, lafiya lau. Ya cire rile, ɗan akwatin da ke sakar wa fanka wuta, ya musanya da na oda, matsalar ba a nan take ba. Ya ja waya biyu daga batir ya taɓa wa fankar, ta juya har tana kaɗa masa hula. Sai ya ce a tayar da inji a bar shi ya yi zafi. Da fankar ta kama, ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya yana girgizawa da ɗan yatsa. Yana taɓa wata baƙa da aka ɗaure da noti a jikin ƙarfen mota, fanka ta tsaya cak. Ya saki, ta tashi. Ya sake taɓawa, ta sake tsayawa.

"Kai tsohon banza," in ji Jaji, "har yanzu kana wanke inji a kanal?"

"Duk Juma'a."

"Da bokiti?"

"To da me?"

"Ga aikinka nan! Tsatsa ta ci gindin notin. In ka hau gargada wayar ta saki, in ka hau kwalta ta kama. Aikin yaro ba abin da ya same shi."

Dattijo yana shirin ya ce a bari tukuna, Jaji har ya kwance notin, ya goge wurin da sanfefa, ya shafa giris ya ɗaure. Ko shayin da aka kawo musu bai huce ba. Jaji na dariya, shi kuwa Dattijo ya tsaya yana kallon fankar tana juyawa, ransa a jagule.

Tun daga ranar ba ta sake tsayawa ba. Ya bi da ita gargadar bakin kanal da cikakken lodi, yana kasa kunne, kusan yana roƙon ta yi tsit. Ina! Allura ko motsi.

Da sati ya zagayo, Tambaya ya gama lodi ya ɗaure tamfol, ya hau ya tayar. Ya hango Dattijo tsaye can gefe, bai matso ba. Ya leƙo ta taga.

"Baba Dattijo, saƙon fanka ne?"

Dattijo ya tako a hankali. Mutum ne da bai iya ƙarya ba. Ya dafa ƙofar motar, ya kalli ƙasa.

"An gyara," ya ce. "Ka ce masa an gyara."

Tambaya ya sa giya. Dattijo bai saki ƙofar ba.

"Ka ce masa duk da haka ya zo."