Jinin Inna Dija Ne, Labarin Ma Nata Ne

Shekaru sun ja, amma ban taɓa mantawa da ranar da aka so in yi wa mara lafiya ƙarya da harshen uwata ba. Ku da kuka shigo aikin jinya kwanan nan, ku saurara, don wata rana za a nemi irin wannan daga gare ku.

Lokacin ina babbar nas a ɗakin mata masu ciwon daji, a wani asibiti a nan Bauchi. Sai aka kawo wani bincike. Ciwon dajin mama in ya yi nisa, wasu ƙwayoyinsa kan ɓalle su shiga jini suna yawo. To, mukan ɗebi jinin mace, a aika da shi wani gari a ƙirga ƙwayoyin. In sun yi yawa, alama ce ciwon yana da ƙarfi kuma yana iya saurin ci. In an sa magani suka ragu, alama ce maganin yana kamawa. Gwajin ba ya faɗin ranar mutuwar kowa, wannan sanin na Allah ne. Ƙa'ida kuwa, likita ne ke faɗin sakamako, mu namu tsayawa kusa.

Cikin matan akwai Inna Dija, Bafulatana daga wajen Inkil, doguwa, marar son magana. Ciwon ya riga ya taɓa ƙashin bayanta, amma ko allura ta karkace ba za ka ji ta ce uffan ba. Hausarta ba ta wuce ta ciniki ba, don haka ni ke mata tafinta, da yake uwata Bafulatana ce. Ni na yi mata bayanin gwajin tun farko, na kuma ce in sakamako ya dawo za ta ji.

Mai kawo ta asibiti ɗanta ne na fari, Malam Buba, mai sana'ar shanu da ke zaune a unguwar Fadaman Mada. Kun san kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallonsa ido da ido. In tana son ruwa yana tsaye a gefenta, ni za ta ce wa, "Ki gaya wa wancan ya kawo ruwa."

Wata Talata da hantsi sakamako ya iso. Ƙwayoyin ba su ragu ba, ƙaruwa ma suka yi. Ƙaramin likitanmu ya yi abin da aka saba, ya ja Malam Buba gefe ya gaya masa. Ina cikin haɗa magani Malam Buba ya same ni, idonsa ja wur.

Ya ce, "Sista, don Allah in mun shiga, ki ce mata jini ya yi kyau. Na roƙi likita, ya ce ba zai yi dogon bayani ba."

Na ce, "Malam Buba, jinin wa aka ɗiba?"

"Nata. Amma uwata ce, na san ta. In ta ji, za ta naɗe tabarmarta ta koma ruga ta jira mutuwa."

Ya ba ni tausayi, ba zan ɓoye ba. Amma raina ya ɓaci. Shi ya sani, likita ya sani, ni na sani, sai mai jikin kaɗai za a bari a duhu. Kuma ita ba ta da bakin tambayarsa, al'ada ta rufe mata wannan ƙofar. Ni kaɗai ce ƙofar da ta rage mata, ita ake so in rufe.

Na wuce ofishin likita kai tsaye. Ya ce, "Sista, iyali ne suka nema. Kada mu jawo rigima."

Na ce, "Likita, abin da ka faɗa shi zan juya mata, ba ragi ba ƙari. In ka ce jini ya yi kyau, sai ka nemi wani tafinta. In kuma ta tambaye ni, ba zan ce ya yi kyau ba. A kai ni gaban matiron, shugabarmu ta masu jinya, ina nan."

Ya murza biron da ke hannunsa. Daga baya ya ce a fara tambayarta ko tana son ji, in ta ce a'a a bar ta. Na ce wannan daidai ne.

Muka shiga mu uku. Malam Buba ya tsaya bakin ƙofa, ya juya mana baya. Ban gama tambayar ba Inna Dija ta katse ni.

"Yarinya, tun ɗazu nake ganin wancan yana share hawaye. Kowa sai ya ce mini da sauƙi, da sauƙi, ni kuwa ina jin bayana. Dama na ƙudurta gobe in tafi gida. Ba zan zauna ana zuba mini ruwa mai zubar da gashi, ana kuma yi mini wasan yara ba. Ku faɗa mini."

Likita ya faɗa, a hankali, ni kuma na juya. Ƙwayoyin sun ƙaru, maganin nan bai kama ba, ciwon ba na warkewa ba ne. Akwai wani maganin da za a iya gwadawa, mai yiwuwa ya ja lokaci ya rage zafi, amma ba alkawari.

Ta daɗe tana kallon jijiyar hannunta. Sannan ta ce, "Wato suna yawo a ciki." Na ce e. Ta ce, "To su yi ta yawo. Ni ma da yawo na girma, ba su fi ni sanin hanya ba. A kawo ɗayan maganin."

Sai ta ɗaga kai ta dubi ƙofa, ta ce, "Buba."

Mutumin nan da furfura a gemunsa bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ya juyo kamar an watsa masa ruwa.

Ta ce, "Zo ka zauna nan. Lokacin da ya rage ba na aike ba ne."

Na ja likita muka fita, na saki labule.

Inna Dija ta ga ƙarshen daminar wannan shekarar, ta ga wata daminar, kafin Allah ya karɓi abinsa. Ban ce gaskiyar ce ta ƙara mata kwana ba. Amma na san da na yi ƙaryar nan, da washegari gadonta ba kowa.

Bayan an yi bakwai Malam Buba ya zo da ƙwaryar nono ya ajiye mini. Ya ce, "Sista, ranar nan na tsane ki." Na ce na sani. Ya ce, "Har ta rasu da sunana take kirana."

Abin da na koya ke nan. 'Yan uwa kan ɓoye labari don ƙauna, kada ku raina su. Amma ku tambayi mai ciwon tukuna. Hannun da aka soka wa allura, mai shi ke da ikon cewa a faɗa ko a bari.