Ranar da Firmin Ya Kashe Kyamara

Firmin Castagne ɗan mahauci ne daga Marseille. A kwata ya tashi, cikin jini da kukan dabbobi, a hannun uban da ba ya maimaita magana, sai dai mari ya maimaita masa. Da ya zama saurayi ya guje wa sana'ar wuƙa, ya kama aiki da wani kamfani mai ɗaukar labaran da ake nunawa a sinima kafin a fara fim.

Sunansa ya fito ne a wani yajin aikin 'yan dako a tashar jiragen ruwa, bayan yaƙin duniya na biyu. 'Yan sanda suka zo da kulake, 'yan dako suka tare su da ƙugiyoyi da duwatsu. Sauran masu kyamara suka ranta a na kare, Firmin ya tsaya. An fasa kan wani dattijo a gabansa har jini ya fantsamo masa a riga. Shi ma kulki ya same shi a kunnen hagu, wanda bai ƙara ji da shi ba har ya mutu. Amma hoton ya fito tsaf, ko girgiza babu. Da masu shirya fim na Paris suka gani, sai suka aiko ya zo.

Daga nan duk fim ɗin da za a doki wani ko a harbe shi, Firmin ake nema. A Paris ɗin ya auri Odile, mai ɗinka kayan 'yan wasa, mace mai baki. Takan ce masa, “Kai ko gidanmu ne ke cin wuta, sai ka fara duba ta ina haske ya fi kyau.” Shi dai sai ya juya mata kurman kunnen, ya ci gaba da shan miyarsa.

Yana da shekara arba'in da wani abu aka haɗa shi da Norbert Vialat, darakta mai zafin kai, suka koma Marseille ɗaukar fim ɗin 'yan daba. Jarumin, Rémi Sauvaire, saurayi ne kyakkyawa, kuma Vialat ya tsane shi, yana cewa faɗuwarsa ba ta kama da ta wanda ya taɓa shan duka. Sai ya ɗauko wani tsohon ɗan dambe mai suna Gaspard, ya ja shi gefe ya ce idan an fara ɗauka ya doki Rémi da gaske.

Da hantsi ne, a bakin wani sito. Naushin farko ya karya wa Rémi muƙamuƙi. Firmin ya ji ƙarar, ya san ta, irin wadda ƙashi ke yi a kan gungumen saran naman babansa. Rémi ya faɗi yana tofar da haƙora. Gaspard ya waiwayo yana jiran a ce ya isa.

“Ci gaba, sa masa ƙafa,” in ji Vialat.

Gaspard ya shure shi a haƙarƙari. Firmin ya ɗago kai ya kashe kyamara.

“Maigida, yaron nan ba wasa yake ba.”

“Wa ya tambaye ka, ɗan mahauci? Yau ka fara ganin jini? Kunna abin nan.”

Firmin bai kunna ba. Vialat ya taso ya sharara masa mari a gaban ma'aikata. Kafin a ankara Firmin ya fizgi ƙarfen fitila ya maka masa a kafaɗa, ya ƙara masa a gwiwa, ya bi shi ƙasa ya shaƙe shi har idanunsa suka firfito. Gaspard ne ya ɓamɓare shi, da ƙyar, bayan ya karya wa Firmin yatsu biyu.

Kotu ta ɗaure Firmin wata takwas. Vialat ya ƙare rayuwarsa yana dogara sanda, kuma ya tabbatar babu kamfanin da ya ƙara ɗaukar Firmin. Rémi bai sake fitowa a fim ba, bakinsa ya karkace, ya koma garinsu yana sayar da inshora.

Firmin da Odile suka buɗe shagon hoto a unguwarsu, yana ɗaukar bukukuwan aure da yaran makaranta. Fim ɗin kuwa ya fito ya yi kasuwa, da dukan Rémi a ciki yadda aka ɗauke shi, amma an cire sunan Firmin. Sau ɗaya ya je kallo, shi kaɗai. Ya dawo ya zauna bai cire hula ba. Odile ta tambaye shi yadda ya gani.

“Mutane sun tafa,” ya ce. “Daidai wurin suka tafa.”

Ta zuba masa ruwan inabi, ta zauna kusa da shi. Bai sha ba, sai can ya tashi ya shiga shago, don akwai hotunan wani ango da za a zo karɓa da yamma.