Sunan Bature a Takardar Ɗan Manomi

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a sakandare a nan Lafia, malaminmu na Turanci ya laƙaba mini sunan wani shahararren marubucin Ingila, wai na iya tsara labari. Kai fa ya kumbura! Har 'yan okadan unguwar Akurba da shi suke kirana, ni kuwa ina wani hura hanci kamar gadonsa na ci.

Da aka zo cike fom ɗin jarrabawar fita, wurin sunan mahaifi sai na rangaɗa sunan Baturen nan. Abokina ya leƙo ya ce, "Kai, ina sunan Baba?"

Na ce, "Rabu da ni, wannan ya fi daɗin faɗa."

Mahaifina manomin doya ne, bai yi boko ba. Ranar da na kawo takardar sakamako, sai da ya goge hannu a riga kafin ya karɓa. Ya kira maƙwabcinmu ma'aikacin gwamnati ya ce, "Malam, karanta mini da ƙarfi, in ji sunana a takardar gwamnati ko sau ɗaya."

Mutumin ya karanta. Baba ya ce a sake. Aka sake.

"To ni ina nake a ciki?"

Maƙwabcin ya dube ni. Na fara kame-kame, wai sunan babban marubuci ne. Baba bai zage ni ba, da ma zagin ya yi. Ya miƙo mini takardar ya ce, "Kai wa mai sunan ya sa maka albarka." Ya saɓi fartanya ya fita.

Na yi ta cewa zan je kotu in yi rantsuwar canza suna. Yau, gobe, har Allah ya karɓi ran Baba bayan damina biyu.

Abin da ya fi ci mini rai, sai a jami'a na binciki ma'anar sunan. Ashe ba wata tsiya ba ce, "ɗan wane" kawai yake nufi. Wato Baturen sunan kakanninsa ya riƙe har duniya ta san shi, ni kuma sakarai na yar da na ubana na ɗauki na kakan wani.

Na canza daga baya, takardar kotu tana nan. Amma wallahi har yau in aka kira ni da cikakken sunana a ofis, haushin kaina nake ji. Wanda ya roƙi a karanta masa ba ya nan.