Inna Tani da Cikin da Aka Ce Ya Kwanta

Kowace safiya, bayan ta idar da sallah, Inna Tani takan ɗebi ruwa a moɗa, ta lallaɓa bayan ɗakinta a garin Isa, ta zuba kan yashin da ke cikin wata tsohuwar tukunya. Ko tsiro babu a ciki. Jikokinta sun gaji da tambaya. Maƙwabta kuwa har yau akwai masu rage murya in sun zo wucewa, wai tsohuwa tana shayar da waɗanda ba a gani. Ni na san tarihin tukunyar nan. Yanzu da ta ajiye aikin ungozomar asibiti, idanunta sun fara dushewa, wallahi ba zan yi shiru ba.

Sunana Bawa, mutumin Tsamaye. Abin da zan faɗa daga bakin uwata Saude da kakata Hajo na ji shi.

A farin da aka yi shekarar tamanin da huɗu, gero ya bushe tun bai kai gwiwa ba. Maza suka watse cin rani, har da ubana Halliru. Gari ya yi tsit da rana tsaka, ba amon daka, ba carar zakara. Sai kuma wata magana ta fara yawo cikin gidaje, wadda ta fi yunwa ban tsoro: wai 'ya'yan da ke ciki sun ji labarin duniya, sun ƙi fitowa. Mace ta cika watanninta, ta wuce, shiru. Tsofaffi suka ce cikin ya kwanta, sai ruwan sama ya sauka zai tashi.

Uwata na cikinsu. Ta riga ta binne biyu kafin ni, ga shi motsina yana raguwa kullum.

Gaisuwar mutuwa ce ta kawo Inna Tani garinmu. Ba ta rabuwa da ɗan ƙahonta na katako, wanda ake azawa a ciki don jin bugun zuciyar jariri. Ta ga uwata a gindin turmi, ta ce ta kwanta. Ta saurara, ta daɗe, fuskarta ta canza.

"Iya, a ba ni ita mu tai Isa," ta ce wa kakata. "Za ni sa mata ruwan naƙuda."

"A'a, ɗiyata. Ɗan kwana shikai. Wa ka tada mai kwana cikin wanga bala'i? Kuma mijinta bai nan."

Inna Tani ba ta yi gardama ba. Ƙahon ta miƙa mata, ta kama kan tsohuwar a hankali ta aza kunnenta. Kakata takan ce ta sa ran jin shirun mai barci. Abin da ta ji daban ne: bugu can nesa, awa mutum a bayan ƙofa, hannunsa ya fara gajiya. Ta ɗago kai.

"La'ilaha illallahu! Wanga ba mai kwana ba na. Ƙwanƙwasa shikai!" Ta jawo mayafinta. "In Halliru yad dawo, ni ka ba shi amsa."

Motar 'yan kasuwa da ta taso daga Nijar ce ta ɗauke su. Gefen hanya mushen shanu ne birjik, ungulaye sun ƙoshi har ba sa tashi in mota ta zo.

A asibiti likita ya duba, ya yarda a tayar da naƙuda. To, maganin nan 'yan kwalabe ne ƙanana, zafi ne maƙiyinsa. In ya lalace ba ya canza kama, sai a yi ta ɗura wa mace shi a banza. Firjin asibiti ya daɗe a mace don rashin kananzir. Tun farkon bazara Inna Tani ta binne kwalaben cikin yashi a tukunya, tana jiƙa shi da ruwan da ake ba ta na sha, a shekarar da mata ke kwana layi bakin rijiya. Leɓenta duk ya tsage, yashin bai taɓa bushewa ba.

Ta haɗa maganin cikin ruwan ƙari, ta sake shi ɗigo-ɗigo. Hannunta ɗaya a kan cikin uwata, ba ta ɗaga ba, don in ya yi yawa mahaifa na iya tsagewa. Ta ƙara, ta rage, ta aza ƙaho, tun hantsi har inuwa ta juya. Bayan la'asar na faɗo, jikina awa toka, ba kuka. Ta share mini baki da hanci, ta murza bayana tana cewa, "Kai da kab buga ƙofa, ai an buɗe!" Sai na tsala ihu. Kakata ta zube ƙasa tana kuka.

Inna, ke ce kunnen waɗanda ba su da baki tukuna. Ke ce kika hana kanki ruwa don ɗan da ba ki haifa ba. Ina son ki, kuma ba na jin kunyar faɗa a gaban jama'a. Matan Gangara da Unguwar Lalle da kika zauna kan naƙudarsu bayan uwata, Allah kaɗai ya san adadinsu. Na gode, Allah Ya saka miki da Aljanna.

Ku kuma 'yan'uwana, in ciki ya wuce lokaci ku kai mace asibiti, kada a bar wani mai shago ya soka mata allurar naƙuda a gida. 'Yan matan da ke koyon aikin nan, ku zo ku ga tsohuwar nan tun tana gane murya.

Ran da na je gaishe ta, na tambaye ta me ya sa har yanzu take jiƙa yashi, alhali ko kwalba ɗaya babu. Ta lalubo hannuna ta riƙe.

"Bawa, kai anka ji ka. Akwai waɗanda niy aza ma ƙaho nis samu zuciyarsu ta bar bugu. Ran da duk ban zuba ruwan nan ba, wuni nikai ina jin ana ƙwanƙwasa."