Makon da Kawu Mervyn Ya Yi Shiru

A garinmu na bakin kogi, in ka ga mutum ya tsallaka titi da sauri, ba mota ba kare, to Kawu Mervyn ya hango. Ba wai mugu ba ne. Surutu ne da shi, irin wanda in ya kama ka da safe sai shayinka ya huce a hannunka. Mu 'yan asalin ƙasa Kawu muke ce wa duk dattijonmu, shi kuwa har Turawan garin haka suke kiransa, kuma yana jin daɗin abin fiye da yadda yake nunawa.

A bukkokin kwano na bayan gari aka haife shi, zamanin da ba a barin irinmu shiga wurin ninƙaya na gari. Ya yi askin tumaki har bayansa ya gaza, sai ya koma tuƙa motar 'yan makaranta. Rabin manyan garin nan a motarsa suka yi amai suna yara, kuma bai bar ko ɗayansu ya manta ba. Matarsa Dulcie kaɗai ke iya cewa, "Merv, rufe bakin nan ka ci abinci," ya rufe. Da ta rasu sai gidan ya yi masa faɗi, ga 'yarsu tilo Narelle tana can birnin Adelaide tana aikin jinya. Shi ya sa kullum da safe yake ɗora hula ya fita zagaye: shagon burodin Glenys, bencin gaban gidan waya, sannan bakin kogi wurin Col, Baturen da suke kamun kifi tare tun suna samari.

Ana nan sai aka ce za a yi ƙuri'ar raba gardama. Ana so a rubuta cikin tsarin mulki cewa 'yan asalin ƙasa su sami wata majalisa tasu, mai ba majalisar dokoki shawara a kan abin da ya shafe su. Murya aka sa mata suna. Kawu Mervyn ya ce ai wannan shi aka yi wa. Yana saurayi ƙasar nan ta taɓa jefa ƙuri'a ta yarda a riƙa sa mu cikin ƙidayar jama'a, ya ga mahaifiyarsa tana kuka a gaban rediyo, kuma ya tabbata wannan karon ma haka za a yi.

Ya samo riga mai rubutun "I", wato na yarda, ɓaro-ɓaro a ƙirji, ya hau gari da bayani.

"Kai dai Kawu, duk yadda ka ce," in ji Glenys, tana naɗe masa burodi.

"To, mu gani, aboki," in ji Col. "Miƙo min tsutsar nan."

Shi duk wannan amincewa ya ɗauke shi. Mutum ɗaya ce ta fito masa fili, ita ce 'yarsa, a waya.

"Baba, ni fa A'a zan rubuta. Shawara kawai? Tun kafin a haife ni muke ba su shawara. Sai sun zauna sun yi yarjejeniya da mu a kan ƙasarmu."

"Wato ke da masu zaginmu layi ɗaya za ku bi? Sannu da ilimi, malamar asibiti!"

"Ka ga irinta ko? Ba ka sauraron kowa, Baba, kuma ka ɗauka kowa yana sauraronka."

Ya kife wayar. Watanni suka wuce bai kira ba, ba ta kira ba, don taurin kan nan gado ne.

Ranar zaɓe ya tsaya a ƙofar makarantar firamare, cikin hayaƙin naman da ake gasawa da albasa, yana raba takardu. Kowa ya karɓa, kowa ya yi masa murmushi. Rana ba ta daɗe da faɗuwa ba talabijin ta gama magana: A'a ta yi rinjaye a kowace jiha. A akwatin garinmu kuwa, in ka cire ƙuri'un danginmu, masu "I" ba za su cika tsohuwar motarsa ta makaranta ba.

Shugabanninmu suka nemi a yi mako guda na shiru, a sassauto da tutoci, kamar an yi rasuwa. Kawu Mervyn ya sassauto da 'yar tutar da ke jikin dangarsa, ya yanke cewa ko tari ba zai yi a gaban mutum ba. Ransa a ɓace yake ƙwarai, amma can ƙasa akwai wani ɗan ɗoki. Mervyn ya yi shiru? Ai gari sai ya girgiza. Har ya hango Glenys ta ajiye wuƙar burodi tana tambayarsa lafiya, ya hango Col ya kasa haɗa ido da shi. Ba haƙuri yake so su ba shi ba. So yake wani ya lura.

Ran Litinin ya ɗora hula ya shiga shagon.

"Kawu! Na kullum? Yau akwai zafi, ko? Ai kuwa. Na gaba!"

Ya zauna a bencin gidan waya. Masu tsallaka titi suka tsallaka yadda suka saba. Masu gaishe shi suka ɗaga hannu suka wuce, da ma ba su taɓa jiran amsa ba. Danginmu kuwa yawanci sun kulle kansu a gida a makon nan, kowa da nasa ciwon. A bakin kogi Col ya yi ta zuba, daga ruwan da ya ja baya zuwa gwiwarsa da ke damunsa zuwa surukinsa mara amfani. Da zai tafi ya dafa kafaɗar Mervyn ya ce, "Yau mun sha hira, aboki."

Ya ce wa kansa ranar farko ce, gobe za su gane. Gobe ta zo ta wuce, jibi ma haka. Ran Juma'a yana tsaye a shagon burodi ya ji Glenys tana ce wa wata mata, "Jiya ma Kawu yake ce min za a yi ruwa. Ko ba haka ba, Kawu?" Ba ta ma waiwayo ba.

Ya fito bai ɗauki burodin ba. A'a ɗin da suka rubuta a takarda ba ta yi masa ciwo kamar wannan ba. Shekara da shekaru yana tsammanin hira yake yi da mutanen nan, ashe rediyo ne shi da aka bari a kunne a ɗakin da ba kowa. Kaɗaici ya rufe shi, irin wanda bai ji ba ko ranar da aka binne Dulcie, don a ranar gidan cike yake da mutane.

Ran Asabar bai fita ba. Yana zaune a kicin da la'asar, hular tana kan tebur, wayar ta yi ƙara. Ya bar ta ta yi ta yi, sannan ya ɗauka.

"Baba?" Narelle ce.

Bakinsa ya buɗe da kansa. Maganar watanni ta taru masa a maƙogwaro, amma makon bai cika ba, sai ya haɗiye ta.

"Baba, kana ji na? Lafiya kake?"

Ya ja numfashi, yadda za ta ji yana nan.

Sai ta gane.

"Shirun kake yi. Kai, Baba? Kai da bakinka?" Ta ja hanci. "To. Kada ka ajiye. Bari in jawo kujera."

Ya ji ƙarar kujerar a kan daɓe, can Adelaide. Ya ji butar shayinta mai lantarki ta tafasa ta kashe kanta, ba ta tashi ta zuba ba. Ya riƙe wayar a kunne har hannunsa ya yi tsami, sai ya mayar da ita ɗaya hannun.