Irin da Bawa Bai Ci Ba

Idan aka gama ɗaurin hatsi aka rufe rumbuna, sanyi ya fara shigowa ta ƙasan zana, lokacin Iya ya kama ke nan. Iya ita ce mahaifiyar babana. A ƙauyenmu, can gabas da Geceme, ana tashi daga kan tuwo za ta aike mu mu kwaso kara, ta hura wuta a ƙofar ɗakinta, ta miƙe ƙafafu tana gasa sawayenta da suka tsattsage. Mu jikoki mu kewaye ta, gabanmu zafi, bayanmu ɗari. Lokacin Nasara na nan da mulkinsa, amma mu ba mu taɓa ganinsa ba, sai dai gardinsa, wato dogarinsa, in ya zo bisa doki.

Tatsuniyoyi ta san su kamar ba za su ƙare ba. Ta kura, ta zomo, ta doguwar da ke zaune cikin tsamiyar bakin fadama. Amma a kowace shekara akwai maraicen da za ta ƙi yin ko ɗaya. Sai ta tura itace cikin wuta ta ce, "Yau babu kura. Yau ku za ku gaya mini ko ku su wane ne."

Dalili kuwa, Iya ba ta faɗin sunan mijinta, ba ta faɗin na surukinta, ba ta faɗin na babana don ɗan fari ne. Saboda haka ita ke tambaya, mu ke cikawa.

"Wa ya taso daga Matankari da baka da gatari, ya sari dajin ga?"

Mu haɗa baki: "Maidaji!"

"Wa ya gina rijiya, ruwa ya ƙi, ya sake wuri?"

"Arzika!"

"Shi kuma wa ya haihwa?"

"Gado!"

Gado kakanmu ne, mijinta, ya rasu tun ina goye. Nan sai ta ɗaga yatsa. "Da Bawa," in ji ta. Sunan da bakinta ke iya faɗi ke nan a cikin mazan gidan duka, don ƙanen miji abokin wasa ne. Takan faɗe shi a hankali, kamar mai ajiye ƙwai a kan tabarma.

Ga yadda take ba da labarin.

Tana da tsohon cikin babana, hadari ya fara haɗuwa a gabas, kowa na gyaran sungumi, sai ga gardi tare da ɗan aiken mai gari. Ana son namiji ɗaya daga kowane gida, aikin hanyar Nasara wajen Doso. Surukinta bai daɗe da rasuwa ba, Gado ne maigida, sunansa aka kira. Iya ta ce tana bayan zana tana ji, ta kuma san in maigida ya tafi da shuka, shekarar ta tafi tare da shi. Kafin Gado ya miƙe, Bawa ya ajiye ƙwaryar furar da yake sha, ya goge baki, ya ce, "Ni ne Gado."

Gardi bai san fuskar kowa ba. Ɗan aiken mai gari ya sani sarai, amma ya dubi ƙasa. Gado ya kama hannun ƙanensa, Bawa ya zare, ya ce da shi ƙasa-ƙasa, "Yaya, ni ba ni da mai kuka. Kai kana da biyu."

"Ƙarya ya yi," in ji Iya. "Akwai yarinyar da anka yi mashi alkawari, Kulu. Ita ta yi kukan."

Mutanen da aka kwasa tare da shi suka dawo bayan kaka, a rame, kafaɗunsu duk sun yi kanta. Bawa bai dawo ba. Suka ce an tsame ƙarfafan ciki an wuce da su yamma, fasa dutse a Yamai. Daga nan shiru. Kulu ta jira iyakar jiranta, aka aurar da ita wani ƙauye. Babana ya yi wayo har yana bin awaki, bai san yana da baffa ba sai a bakin uwarsa.

Sai shekarar fara ta zo. Iya ta ce da rana tsaka ta ga kamar hayaƙi ya taso daga arewa, kaji suka shiga akurki. Kafin gari ya waye hatsin da ya fara zuba ido ya koma sanduna. Aka ci abin da ke rumbu, aka ci dusa, aka koma jiƙa 'ya'yan anza na daji ana zubar da ɗacinsu, aka tone gidajen tururuwa. Da rani ya yi tsanani mutane suka fara bin hanyar kudu, ƙasar Ingilishi. Daren da za su tashi, Gado ya zuba irin hatsin gidan a tulu, ya haɗa da toka, ya liƙe bakin da laka, ya binne a ƙasan ɗakin mahaifinsu. Haka Arzika ya koya wa 'ya'yansa biyu. Ya ce in suka ɗauke shi za su cinye shi a hanya, gara su bar shi, ruwan farko su komo.

A ƙasar Kabi Iya ta yi wa matan masunta daka, Gado ya yi dakon itace, a ba su abin da za su sa a baki. Ruwan farko ya sauka, sai ƙyanda ta kama babana. Yaro ba ya ko ɗaga kai, balle a bi daji da shi. Iya ta ce kullum magariba Gado zai fita bayan gari ya tsaya yana kallon walƙiya ta wajen arewa. Kafin yaro ya miƙe, lokacin shuka ya wuce. Suka kamo hanyar gida duk da haka, don ba su san wani wurin da za su je su mutu ba.

A nan Iya takan gyara wuta, ko da wutar ba ta buƙatar gyara.

"Mun hwaɗo ta tudun nan na bayan rijiya," in ji ta. "Ina sunkuye da yaro bisa baya, ba ni son in dubi gonar. Sai na ji kakanku ya saki kayan da ke kansa."

Gonar kore shar. Hatsi har gwiwa. Ba duka ba, rabin da ke kusa da gawo, layukan kuma a karkace, kamar wanda ya shuka yana tangaɗi. A gindin gawon wani mutum na zaune ya jingina da hauya, ƙasusuwan ƙirjinsa ana ƙirga su. Iya ba ta gane shi ba sai da ya yi magana.

"Amaryarmu," ya ce, "ashe kin tsuhwa."

Ya dubi Gado ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri. Rabi na iya."

Tari ne ya kama shi a wurin fasa dutse, da masu aikin suka ga ba shi da sauran amfani suka sallame shi. Ya tako da ƙafa har gida cikin rani, ya iske ƙauye ba kowa sai tsofaffin da ba su iya tafiya. Ya shiga ɗakin mahaifinsa ya ga inda ƙasa ta canza, ya san abin da ke ciki. Ya zauna da tulun nan a ɗaki ɗaya har ruwa ya sauka, yana cin anza da ganyen tafasa. Shuka aikin mutum biyu ne, ɗaya na sara da sungumi, ɗaya na bi yana zuba iri yana rufewa da diddige. Shi kaɗai ya yi duka biyun. Ya sara layi, ya zauna ya yi tari, ya koma farko ya zuba.

Iya ta ce tana dama masa ɗan garin da suka zo da shi, ta ce, "Bawa, don mi ba ka ci ba? Ko tahi guda?"

Ya yi dariya har tarin ya taso. Ya ce, "Wa ya ce miki ban so ba? Na buɗe shi. Har hannu na sa, na sunsuna. Sai na ga in na ci yau, gobe ma sai na ci. Ku kuma in kun komo ku iske mi?"

Ya ga noman farko ya wuce, ya ga hatsi ya yi ciki, ya ga ya fitar da kai. Kullum a ɗauke shi a kai shi gindin gawo, ya sa babana a gefensa yana nuna masa yadda ake korar tsuntsu da majajjawa. Iya kuwa kowace safiya ta bi gona tana matsa zangarniya da farce, tana neman wadda ta yi ƙwari ta gasa masa tumu. Duk madara ce. Ya rasu wata Alhamis da hantsi. Bayan an rufe shi da 'yan kwanaki ta sami zangarniyar farko da ta nuna. Ta gasa ta, ta murje, ta kawo wa Gado a faifai. Ya daɗe yana kallonta, ya tura wa yaro, ya tashi ya fita.

Na tuna shekarar da na ce mata, da bakin yaro, "Iya, ni dai da na ci."

Yayyena suka yi mini ca. Ita kuwa ta jawo kaina ta ɗora bisa cinyarta ta ce, "Ku bar shi, gaskiya ya hwaɗi. Ni ma da na ci." Ba ta taɓa ce mana mu zama kamar Bawa ba. Ta dai rufe garwashi da toka ta ce kowa ya nemi tabarmarsa.

Iya ta rasu kafin Nasara ya tafi. Ni na bar noma, na zauna Dogon Dutsi ina ɗinki a bakin kasuwa. Ranar sunan ɗana na fari, gida ya cika da dangi daga ƙauye, wani tsohon maroƙi da ya san gidajen ƙasarmu ta Arewa ya tsaya tsakar gida yana jero asalina. Ya fara daga Maidaji, ya sauko kan Arzika, ya kira Gado, ya kira babana, ya kira ni. Bai yi kuskure ko ɗaya ba. Na matsa kusa da shi na ce, "Baba, ka tsallake Bawa."

Ya karkato kunne. "Bawa na wa?"

"Ƙanen Gado."

"To, madalla. Su wa ya haifa, in ɗora?"

Na dubi tsakar gidan, baffannina da 'ya'yansu, ƙannena mata da goyo, yara na rububin waina. Na ce masa ya faɗi sunan kawai. Ya faɗa sau ɗaya, ya wuce, don ba shi da kirarin da zai bi shi da shi.

Ba laifin maroƙin ba ne. Haka ake lissafin asali, daga wanda ya haifa zuwa wanda aka haifa, wanda bai bar ɗa ba sai ya faɗi ta tsakiya. Ban san ko gidaje nawa ne a ƙasarmu ke tsaye a kan irin waɗannan mutane ba, waɗanda suka tafi da sunan wani, ko suka kwana da yunwa kusa da abinci, aka manta da su tun kafin kabarinsu ya baje. Namu ma ban san inda kabarinsa yake ba. Na tambayi babana kafin ya rasu, ya ce wani wuri ne cikin gonar, amma an daɗe ana shuka a kai.