Kwana Biyu a Kan Keke Cikin Gonakin Inabin Ɗa'ifa

Liman na sallame sallar asuba ranar Juma'a muka tashi daga unguwar Khumra a Jidda, kekuna uku ɗaure a bayan a-kori-kura. Ko rana ba ta fito ba, amma gumin Jidda ya riga ya manna mana riguna a baya. Ku da kuka yi ta tambayata yadda tafiyar ta kasance, ga shi nan kamar yadda ya faru.

Mu uku ne. Ni, da nake aikin sito shekara tara ke nan. Sai abokina mai motar, haifaffen Jidda, wanda yake fara magana da Hausa ya ƙare ta da Larabci. Na ukunmu dattijo ne, Bahaushen Sudan, ya haura sittin, maƙwabcina a gidan ma'aikata. Masana'antar da yake yi wa aiki ta sallame shi, iƙamarsa, wato takardar izinin zama, saura mako uku ta ƙare. Yaƙi ya cinye gidansa a Sudan, don haka Kano zai nufa wajen 'yarsa da ke aure can, garin da bai taɓa takawa ba.

Da farko ba da shi muka shirya ba. Da ya ji za mu zaga ƙauyukan kudancin Ɗa'ifa a kan keke, sai ya ce da shi za a je. Muka nuna masa hanyar duk hawa ce da gangara, kuma kekensa irin na zuwa aiki ne, mai kwando a gaba, ba giya ko ɗaya. Ya bari muka gama, sannan ya gaya mana cewa a wata gonar inabi ta wajen ya fara aiki lokacin da ya zo ƙasar nan yana saurayi. Shekara bakwai ya yi, mai gonar ya riƙe shi kamar ɗa, kuma rabonsa da wurin ya kusa shekara talatin. Yana so ya yi masa sallama, in yana da rai. Sai muka amince.

A shingen jami'an tsaro dattijo ya miƙa iƙamarsa. Jami'in ko duba ta sosai bai yi ba. Kekunan ya leƙa, ya tambaya wane ne mai keken kwandon, ya yi dariya ya ce Allah ya ba da ƙarfi. Muka kama hawan Hada, inda titi yake naɗewa jikin dutse har kunne ya toshe. Gwaggon birai na zaune a kan katangar gefen titi, suna kallon motoci kamar masu jiran a biya su haraji. Muna kaiwa sama muka kashe na'urar sanyi muka sauke gilashi. Wanda bai zauna a Jidda cikin watan Agusta ba ba zai gane daɗin wannan iskar ba.

A Ɗa'ifa muka karya da gurasar tamis mai zafi da ful, wato dafaffen wake, muka bar motar a ƙofar gidan gwaggon abokina, muka hau kekuna muka yi kudu.

Ƙasar ba ta da shimfiɗaɗɗen wuri. Ka hau tudu kana haki, ka gangara kwari kana murna, kafin murnar ta ƙare wani tudun ya tare ka. Manyan duwatsu ne masu santsi a jibge ko'ina, a tsakaninsu kuma gonaki ƙanana, hawa-hawa, kowace da katangarta ta dutse. A kwari ake samun inabin. An kafa masa rumfuna, ya hau ya rufe su, 'ya'yan na reto daga ƙasa, fari da baƙi. Ga rumman bai gama nuna ba, ga ɓaure. A kan wasu tuddan akwai tsofaffin hasumiyoyi na dutse, babu kowa a ciki sai tsuntsaye. Masu sayar da 'ya'yan itace sun jera kwalaye a bakin titi. Kwalin inabi riyal ashirin aka ce mana, wanda a unguwar Safa ta Jidda sai ka ninka. Abokina ya tsaya ciniki har mai kayan ya gaji ya ba mu mu ɗanɗana, muka ɗanɗana har muka ji kunya muka saya.

A kowane hawa dattijo sauka yake ya tura kekensa, mu jira shi a sama. A gangara kuwa nauyin keken ya kwashe shi, ya wuce mu jallabiya na kaɗawa, yana danna mana ƙararrawa.

Mun yi Juma'a a wani ƙaramin masallacin ƙauye. Muna fitowa muka tarar mutane sun kewaye kekunan suna taɓa tayoyin. Wani magidanci ya rantse sai mun ci abinci a gidansa. Saliƙ aka kawo, shinkafa da aka dafa da madara har ta yi laushi kamar fate, da kaza a kai. Ya kasa gane dalilin da mutum mai mota zai ajiye ta ya hau keke. Abokina ya ce motsa jiki ne. Mutumin ya ce in motsa jiki muke nema, ga katangar gonarsa ta rushe.

Bayan la'asar abin ya daina ba da dariya. A wani dogon hawa ƙafar dattijo ta ɗaure, ya zauna a gefen titi, leɓɓansa sun yi fari. Muka ba shi ruwa da dabino, na yi ta murza masa sha-raɓa. Abokina ya ce halas, ya isa haka, a tare mota ta kai shi. Dattijo ya girgiza kai.

"A kan keke na bar gonar nan, ɗana. Ka bar ni in koma mata a kansa."

Sai na ce to mu yi musanya. Ya hau nawa mai giya, na karɓi nasa. Ban yi nisa ba na gane abin da bawan Allah yake fama da shi tun safe bai yi ƙorafi ba. Keken nan kamar an ɗaura masa buhun siminti. Da tafiya da turawa muka isa wani gari kafin magariba, muka kama ɗaki. Bayan isha ko hira ba mu iya yi ba.

Da safe muka shiga neman gonar. Hanyoyin ƙasa da ya sani an zuba musu kwalta, inda ya bar fili an gina wuraren shaƙatawa na haya. Sau biyu muka shiga kwarin da ba shi ba. Na fara tsoron za mu koma haka nan. Wajen hantsi ya taka birki a gindin wata hasumiya da gefenta ɗaya ya zube, ya nuna wata siririyar hanya, ya ce nan ne.

Wani mutum mai furfura a gemu ya fito daga cikin rumfunan da almakashi a hannu. Ya amsa sallamarmu, ya tsaya yana kallon dattijo. Can sai ya saki almakashin ya rungume shi. Ɗan mai gonar ne, kuma ashe dattijo ne ya koya masa hawan keke yana ƙarami. Ya ce mahaifinsa yana nan da rai, sai dai tsufa ya tafi da hankalinsa, ko su 'ya'yansa ba kullum yake gane su ba.

Muka sami tsohon zaune a kan darduma a inuwar inabi, ɗan ƙanƙane, hannuwa duk jijiya. Dattijo ya durƙusa ya sumbaci kansa, ya faɗi sunansa, ya ce ya zo sallama ne, zai bar ƙasar. Tsohon ya daɗe yana kallonsa. Babu alamar ya ji maganar tafiya. Sai ya ce da shi da Larabci, cikin muryar mai ba da umarni:

"Ya waladi, ɗana, ka ba gonar ƙasa ruwa?"

Ɗan ya sunkuyar da kai. Tun muna shigowa ya gaya mana rijiyar ta ja baya, gonar ƙasa ta bushe shekaru da yawa, sauran ma da ruwan tanka ake riƙe ta.

"Na ba ta, ya ammi, baffana," in ji dattijo. "Ta sha sosai."

Tsohon ya gyaɗa kai, ya sa masa albarka, ya ce ya je ya ci abinci kada ya zauna da yunwa.

Dattijo ya tashi ya gangara gonar ƙasa shi kaɗai. Daga inda muke muna hango shi tsaye tsakanin busassun rumfuna. Ba mu bi shi ba. Da ya dawo idanunsa sun yi ja, amma ya karɓi almakashi ya shiga yankan inabi tare da ɗan, yana yi yana gyara masa riƙo, har suka cika kwali uku.

Bayan azahar ɗan ya ce zai mai da mu Ɗa'ifa a motarsa. Muka dubi dattijo. Ya ce yalla, mu tafi, ya riga kowa ɗora kekensa. Mun shigo Jidda ana kiran magariba, zafi ya karɓe mu tun daga bakin gari. Kafin isha dattijo ya raba inabin ɗaki-ɗaki a gidan ma'aikata.

Ga mai son zuwa: ya je lokacin inabi, ya nemi keke mai giya, ya ɗauki ruwa fiye da yadda yake zato, kada kuma ya ƙi gayyatar mutanen ƙauye. Ni abin da na dawo da shi daban ne. Shekara tara ina gaisawa da mutumin nan safe da yamma, muna sahu ɗaya a masallaci, ban taɓa tambayarsa ina ya faro ba, sai da ya rage masa mako uku. Ranar Lahadi da muka zauna cin abinci a sito, na tambayi wani ɗan Bangaladash da muke lodi tare wane aiki ya fara yi a ƙasar nan. Ya ajiye cokali ya fara ba ni labari. Har aka kira mu mu koma bakin aiki bai kai rabi ba.